An Ɗaure Hannun 'Yata, Kunya Ta Ɗaure Bakina

Gwaggo Yelwa, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi miki tsawo, domin a garinmu ba ni da wanda zan kai wa maganar nan bai yi mini dariya ba. Na canja sunayen mutane, sauran kuwa yadda yake haka na rubuta shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni haifaffiyar Gagarawa ce, na gama sakandare a Gumel, aure ya kawo ni Ɗanzomo. Maigidana dillali ne a kasuwar dabbobi ta Maigatari, da damina kuma yana taɓa noman gero da riɗi. 'Ya'yanmu biyu, duk mata. Babbar shekararta takwas, ƙanwarta Rumaisa shida. A kan babbar nake rubuto miki.

Na sha doguwar naƙuda a haihuwarta. Surukata, wadda duk gidan muke kira Inna, ungozoma ce, rabin garin nan ita ta yanke musu cibiya, kuma ita ta zauna a kaina ranar tana cewa in ƙara haƙuri, haihuwar fari haka take. Kafin a nemo motar da za ta kai ni Gumel na riga na galabaita. Da yarinyar ta faɗo ba ta yi kuka ba sai da aka daɗe. Ban taɓa riƙe Inna da wannan ba, Allah ne shaida, abin da ta sani ta yi. Amma yarinya ta ƙi zama lokacin da sa'anninta suka zauna, ba ta taka ba sai da ta kusa shekara huɗu. A ƙarshe wani likita a Kano ya ce galahanga ce, wato ƙwaƙwalwarta ta samu rauni wurin haihuwa, kuma ɓarinta na dama abin ya taɓa. Hannunta na dama kullum a dunƙule yake, a naɗe a ƙirji. Ƙafar dama a kan yatsu take taka ta, tana ja. Maganarta sai wanda ya saba da ita ke ganewa. Hannun hagu ne kaɗai take da iko da shi, da shi take dafa bango, da shi take tare kanta in ta yi tuntuɓe.

Kin san al'adarmu game da ɗan fari. Ba ka faɗin sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban mutane, in ana maganarsa ka sunkuyar da kai kamar ba ka san daga inda ya faɗo ba. A danginmu da dangin maigidana abin ya fi na kowa tsanani. Da na yaye ta aka kai ta ɗakin Inna, daga nan ba ta dawo ba. Gida ɗaya muke, katanga ce kawai tsakanin sashena da na Inna, amma yarinyar nan Yaya take ce mini. Mutane kuwa Maman Rumaisa suke kira na, kamar kafin Rumaisa ban taɓa haihuwa ba.

Kada ki ɗauka Inna muguwa ce, don in na bar ki da wannan tunanin na zalunce ta. Lokacin da wasu ke raɗe-raɗin cewa yarinyar 'yar ruwa ce, aljanu ne suka yi musanye, Inna ce ta fito tsakar gida ta wanke su tas, daga ranar babu wanda ya sake furtawa. A bayanta yarinyar ta girma. Ta goya ta zuwa asibiti, ta goya ta zuwa wurin malamai, har bayanta ya sankare. Ita ce kuma ta kafe sai an sa ta a makaranta da wasu suka ce ɓata takalmi ne. Abin da ya fi damuna ke nan, Gwaggo. Da maƙiyi ne yake cutar da ita, da na san yadda zan yi.

Bara aka sa ta a aji ɗaya, ba ta ci jarrabawa ba, aka ce ta maimaita. Bana ga Rumaisa ta tarar da ita, aji ɗaya, benci ɗaya. Ƙaramar tana wucewa fuu, babbar tana nan inda take. Abin da aka koya mata yau, gobe sai ki rantse ba ta taɓa jin sa ba. In tana ƙirga, da ta wuce biyar sai ta rikice ta dawo farko. Kwafar rubutu daga allo kuwa, kafin ta gano inda aka tsaya an riga an goge. Amma kunnenta yana riƙe abu. Akwai Islamiyya a bayan gidanmu, daga jiyo karatunsu ta katanga ta haddace ƙananan surori, tana biya su da irin bakinta. Kuma duk da haka tana son makarantar. Da, ita ce ke fara tashi ta janyo kayan makarantarta tana jiran a sa mata.

To ga inda masifar ta faro. Inna ta lura cewa da hagu yarinyar ke kama fensir, da hagu take cin abinci, da hagu take karɓar abu in an miƙa mata. Inna ta ce a gidanta ba za a yi bahaguwa ba. Ta ce 'ya mace mai ci da hagu, mai miƙa wa mutane abu da hagu, wa zai ci abincinta, wa zai zauna da ita in ta girma. Ta ce saboda an bar ta tana lallaɓa hagun ne daman ya yi kwance, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai aka yi rashin sa'a, zuwansu Kano na ƙarshe ta ga wata ma'aikaciya a sashen gashin ƙashi ta naɗe wa wani yaro hannunsa mai lafiya da ƙyalle, tana sa shi ɗaukar kayan wasa da mai ciwon. Inna ba ta tambayi kowa ba. Ta dawo gida da hujjarta, ta ce ga shi har likitocin ma haka suke yi.

Tun farkon zangon karatun nan, kullum da safe sai ta sa ɗankwali ta ɗaure mata hannun hagu a ƙugu, ta zura mata hijabi a kai, sannan a tafi makaranta. Ba a kwancewa sai ta dawo, in an zo cin tuwo kuma a sake ɗaurewa. Inna da kanta ta je ta ja wa malamar ajin kunne kada ta kuskura ta kwance. Malama Lauratu mutuniyar kirki ce, amma yara sun cika mata aji har bakin ƙofa, kuma ita ma Inna ce ta yanke mata cibiya. Wa zai ce wa Inna a'a a garin nan?

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Da can in an duba littafinta akan ga 'yan zane-zane, yanzu fari fat yake dawowa, domin hannun daman ko fensir ba ya iya damƙa. A cusa mata shi tsakanin yatsu, ya zame. Ranar nan a hanyar makaranta ta yi tuntuɓe, babu hannun da za ta tare, ta faɗi ta baki, leɓenta ya fashe, haƙorin gaba ya gutsure. In an tashi tara yara na cin abin da suka zo da shi, ita tana kallon nata. Tuwo ma rabinsa a cinya yake ƙarewa, ga ta nan duk ta rame, wuya ya fito. Har fitsari ta yi a zaune a aji don ba ta iya kwance wandonta, yara suka sa mata waƙa. Rumaisa ce ta dawo tana kuka ta ba ni labari.

Akwai ranar da ta tsaya mini a rai, ita ce ma ta sa na ɗauki waya na fara rubuto miki. Wata Asabar Inna ta tafi ta'aziyya Sule Tankarkar tun da safe, don haka ranar ko wurin cin tuwo ba a ɗaure yarinyar ba. Muna tsakar gida ni da faccalolina muna ɓarar zoɓo, Rumaisa na gefe tana rera a, e, i, o, u. Sai na ga babbar ta matso kusa da ƙafata, ta share ƙasa, ta sa yatsanta na hagu ta zana a. A karkace, amma a ce. Ta zana o. Ta zana wani abu mai kama da u. Yarinyar da aka ce kanta ba ya ɗaukar komai! Sai ta ɗago tana kallona, baki buɗe, tana jira. Gwaggo, na gani, wallahi na gani. Amma idon babbar faccalata yana kaina, wadda ko ruwa na miƙa wa yarinyar sai ta ce Maman Rumaisa ta zama Baturiya, 'yar fari ake tarairaya. Sai na kawar da kai, na ce wa Rumaisa ta miƙo mini kwando. Da na sake waiwayawa ta goge rubutun, ta tura hannun ƙarƙashin cinyarta ta zauna a kai.

Yanzu da kanta take ɗauko ɗankwalin da safe ta kai wa Inna. Ta gaya wa ƙanwarta wai hannun nan mugun hannu ne. Surorin ma ta daina biyawa.

Ba zama na yi kawai ba. Na yi wa maigidan magana a ɗaki, ya ce 'yar Inna ce, shi ma ɗin kunyarta yake ji, kuma bai ga ranar da zai koya wa mahaifiyarsa rainon yara ba. Mutumin da ke wuni yana daidaita mai saye da mai sayarwa a kan cinikin shanu, amma ya kasa tsallaka katanga ya yi wa uwarsa magana ɗaya. Na kira mahaifiyata a Gagarawa, ta ce kada in ja mata abin faɗa, a ce 'yarta marar kunya ce mai bin bayan 'yar fari, in kawar da kai kamar yadda ita ma ta kawar a kan yayanmu. Na so in ce mata yayanmu hannuwansa biyu lafiya lau, amma na haɗiye.

Ga shi yanzu hedimasta ya aiko wa Inna cewa in a jarrabawar wannan zangon ma takarda ta fito babu komai, bai san yadda zai yi da ita ba, ba zai iya ciyar da ita gaba ba, ba zai kuma ajiye ta a aji ɗaya har abada ba. Inna ta ce shi ke nan, in boko ya ƙi ta, sai ta zauna a gida, ai ba farilla ba ne. Jarrabawar saura 'yan makonni. Na san abin da zama a gida yake nufi ga irinsu. Muna yara akwai wata a unguwarmu, a ɗakin baya ta girma, sai dai mu jiyo muryarta, har ta rasu ban san kamanninta ba. In na tuna da ita sai abinci ya fita a raina.

Gwaggo, gaba kura baya siyaki. In na buɗe baki na zama marar kunya, na ɓata da matar da ta yi wa 'yata abin da ni ban yi mata ba, wataƙila har aurena ya girgiza. In na yi shiru kuma a gabana za a rufe ta a ɗaki. Wani lokaci nakan ce ko dai Inna ce ke da gaskiya, ni ce son zuciya ya rufe wa ido? Shin yarinya irin wannan tana iya yin karatu kuwa, ko wahalar da ita kawai muke yi? Ki gaya mini gaskiya ko da mai ɗaci ce.

Taki cikin damuwa,
Maman Rumaisa, Ɗanzomo.

AMSA

'Yata, wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarki na sake karantawa, kuma tunda gaskiya kika nema, ga ta. Ɗankwalin nan ya kamata a kwance shi yau, kada a jira gobe. Yarinyar da ke jan ƙafa, a ɗaure mata hannun da take tare kanta da shi, wannan haɗari ne. Wancan karon haƙori ne, ba mu san na gaba ba.

Amma kin kyauta da kika ƙi ɓata Inna, ni ma ba zan ɓata ta ba. Abin da ta gani a asibiti akwai shi. Masu gashin ƙashi sukan rufe hannu mai lafiya don mai raunin ya motsa, sai dai su ke auna yaron su ga ko ya dace, su ƙayyade lokaci, a yi shi cikin wasa ana kula da shi. Ba a tura yaro hanya a haka, ba a kuma koya masa rubutu a haka. Magani ne Inna ta gani, ta ba da shi fiye da ƙima. Ina kuma zargin tsohuwar nan da nata ciwon take kwana. Ita ta zauna a kanki ranar naƙuda, ko ke ba ki riƙe ta ba, wataƙila ita ta riƙe kanta, shi ya sa ta ƙwallafa rai sai hannun nan ya miƙe a hannunta. Mai irin wannan ciwon in aka zo masa da faɗa ƙara kafewa yake yi.

Don haka kada ki tare ta ke kaɗai. Ki koma wa maigidanki, ki gaya masa ba rashin kunya kike nema ya yi wa mahaifiyarsa ba, rakiya kike nema. Ya kai ta wurin limamin da take ganin girmansa. Ci da dama abin so ne ga mai iko, mai lalura kuwa yana da rangwame, amma gara ta ji daga bakin malami, ba daga jarida ba. Sannan ku koma wurin masu gashin ƙashi, ke da shi da ita, ta faɗa musu abin da take yi da bakinta, su nuna mata yadda ake motsa hannun daman. Ku bar mata wannan aikin ya zama nata. Hannun yana bukatar motsi kullum don kada ya ƙara sandarewa, kuma zai iya koyon danne takarda ko riƙe kwano yayin da hagu ke aiki. Inna ba ta yi kuskure ba da ta ƙi yarda ya mutu.

Kin tambaya ko za ta iya karatu. Ba zan yaudare ki ba, galahanga ba ta warkewa, kuma mai yiwuwa yarinyar nan ba za ta taɓa kamo Rumaisa ba. Ki cire wannan awon daga ranki, in ma da hali a raba musu benci. Amma yarinyar da ta haddace surori ta katanga, ta zana wasula a ƙasa ba wanda ya sa ta, tana koyo. A hankali take koyo, kuma da hanyarta.

Ki sa hijabinki ki je makarantar da ƙafarki kafin jarrabawa, ki ga hedimasta da Malama Lauratu tare. Abin da za ki roƙa bai fi ƙarfinsu ba. A zaunar da ita a gaba, inda ƙafafunta za su taka ƙasa sosai. A bar ta ta yi rubutu da hagu, a naɗa wa fensirin tsumma ya yi kauri don ya kamu. A daina sa ta kwafar allo, a rubuta mata layi ɗaya a littafinta ta bi. Jarrabawar kuma a yi mata da baki, ko ta nuna amsa da yatsa, a ba ta lokaci. Takarda fara ba ta nuna abin da ke kanta ba, ta nuna hannun da aka ɗaure ne kawai, kuma hedimasta ya kamata ya san haka kafin ya yanke hukunci. A gida ki ɗauki abu ɗaya ki yi ta maimaita mata kullum na ɗan lokaci, ki tsaya kafin ta gaji. Ƙirga da tsakuwa ko ƙwallon dabino, haruffa a ƙasa, komai ki sa masa waƙa tunda kunnenta ne ƙofarta. Ki ɗinka mata wando mai roba. In kun je asibiti ki ce a duba idonta, domin yawancin masu wannan lalura suna da matsalar gani ba a sani ba.

Idan an bi duk hanyoyin nan Inna ta ƙi, to yarinyar ta dawo ɗakinki, kuma uban ne zai faɗa, cikin ladabi. Za a yi fushi, za a yi gutsiri-tsoma, faccalarki za ta samu abin taunawa. Ba zan ce miki abin zai zo da sauƙi ba. Fushin tsohuwa yakan huce, shekarun da yarinya ta yi a ɗakin baya kuwa ba sa dawowa.

Saura maganar da ta fi nauyi. Kunyar ɗan fari al'ada ce mai kyau a inda take da kyau, iyayenmu sun yi ta don yaro ya zama na dangi duka. Amma al'ada ce, ba addini ba, kuma an yi ta ne da ɗan da ke da bakin kai kukansa da ƙafar zuwa inda za a share masa hawaye. Taki ba ta da su. Na lura kin ba malama sunan aro, kin ba ƙanwarta, ita kuwa daga farkon wasiƙarki har ƙarshe ko na aro ba ki iya sa mata ba, kuma kin sa hannu da Maman Rumaisa alhali ba Rumaisa ce ta fara mayar da ke uwa ba. Ban faɗa don in ƙara miki ciwo ba, na san tarbiyyar da aka yi miki ke nan.

Kin ce abin da aka koya mata yau gobe ta manta. Waccan Asabar ɗin ba ta manta da ita ba, shi ya sa take kai ɗankwalin da kanta. Tun kafin liman, tun kafin hedimasta, ki zaunar da ita a tsakar gidan nan, ko faccalolinki na nan ko ba sa nan. Ki share ƙasa da hannunki, ki kira ta da sunanta, ki gaya mata kin ga abin da ta rubuta ran nan kuma ya yi kyau. Sannan ki kama hannun nan da ta ce mugu ne ki ce ta sake rubuta miki.

Allah Ya ba ta lafiya mai amfani, Ya sanyaya zuciyar Inna, Ya saka mata da alheri kan ɗawainiyar da ta yi, ke kuma Ya ƙarfafa miki gwiwa Ya buɗe miki baki.

Gwaggonki,
Yelwa.